Sawun da Bai Yi Gudu Ba

Ranar Lahadi ce, hantsi ya ɗaga, sa'ad da hayaƙi ya turnuƙe wani layi a Muchia. Wasu mutanen layin suna coci, wasu suna kasuwa, don haka wutar ta ci ta ƙoshi kafin a ankara. Shagon kafinta ne na wani mutum mai suna Gregory, cike da katako da soso da gwangwanayen fenti. Da aka samu aka kashe wutar, aka fasa kwaɗon da ke ƙofar ƙarfen, sai aka tarar da gawa a bayan ƙofar. Ridwan ne, saurayin da ke koyon aiki a wurin Gregory, ɗan wani gida a Samaru.

Kafin la'asar labarin ya rabu gida biyu. A wannan bakin layi ana cewa an ƙona shagon Kirista ranar ibadarsa. A wancan bakin ana cewa an kulle ɗan Musulmi a shago an cinna masa wuta. Kowane ɓangare ya riga ya san mai laifi, abin da ya rage masa kawai suna. 'Yan kasuwar Sabon Gari, waɗanda suka san yadda irin wannan magana take ƙarewa, suka fara jan ƙofofin shagunansu tun rana ba ta faɗi ba, iyaye mata suka shiga kiran 'ya'yansu gida.

'Yan sanda suka tafi da Gregory, rabi don bincike, rabi don kada a kashe shi. Bai yi musu ba. Ya ce shi ya sa kwaɗon da hannunsa, kuma ya san yaron yana ciki.

Wadda aka damƙa wa binciken Sufeto Modupe ce, haifaffiyar Sabon Gari, wadda Hausa ta zauna mata a baki kamar Yarbancin gidansu. Ita ta aika a kira Dalhatu.

Dalhatu ya ba sittin baya. Ƙuruciyarsa a gandun daji ta ƙare, yana bin sawun masu farautar sata, da ya yi ritaya ya zauna a Samaru, inda ake nemansa in an kore shanu ko an ɗauke babur. Mutum ne marar yawan magana, amma yana da abu guda da yake alfahari da shi. Yakan ce ƙafa ba ta iya ƙarya, kuma mai laifi ba ya taka ƙasa da diddige, a kan yatsu yake barin wuri, domin zuciyarsa ta riga shi yin gaba. Wannan magana ba ta taɓa ba shi kunya ba, har ya daina jin ta a matsayin zato, ta zame masa kamar fitowar rana.

* * *

Gaban shagon ba shi da abin karantawa, masu kashe wuta sun mayar da shi caɓi. Dalhatu ya zagaya baya, inda wani siririn lungu ya bi ta gindin bango. An yi ruwa daren Asabar, ƙasar lungun tana da taushi. A nan tulin garin katako yake, jingine da bango ƙarƙashin wata 'yar taga mai rodi, kuma duk da ƙaurin gobara, warin fetur bai ɓuya ba. Kwanukan rufin da suka zubo sun rufe gindin tagar.

Sawu iri biyu ya gani. A bakin lungun akwai na wani mai ƙaramar ƙafa cikin silifa, mai jan jiki, yana dogara sandar asibiti irin mai ƙafa huɗu. Dalhatu ya dube shi sau ɗaya ya wuce, a ransa ya ce wani tsoho ne ya leƙo kallon gobara. Ɗayan kuwa shi ya ɗauki hankalinsa: babban takalmin roba, yatsu sun nutse, diddige bai taɓa ƙasa ba, taku mai faɗi, daga bayan shagon zuwa waje.

Ya bi shi kansa a sunkuye. Bai lura da cewa samarin layin sun biyo shi a baya ba, ko kuma ya lura bai damu ba, domin ya saba a bi shi ana kallo. Sawun ya tsallake kwata, ya karya kwana, ya tsaya a ƙofar wani shagon katifa. Mai shagon, Chukwuka, yana zaune a kan benci, hannayensa biyu naɗe da tsumma.

Kowa a layin ya san Chukwuka da Gregory ba sa ga maciji. Garin katakon Gregory yana toshe kwatar da ta bi ta ƙofar Chukwuka, sun sha yin cacar baki, har an taɓa jin Chukwuka ya ce wata rana sai ya kawar da shagon nan daga layin. Ranar kuma bai je coci ba.

Chukwuka bai ɓoye komai ba. Ya ce sawunsa ne. Yana kwance a cikin shago saboda ciwon kai sai ya ji ihu, ya ruga lungun, ya tarar wuta ta kama, Ridwan yana riƙe da rodin taga daga ciki. Ya kama rodin ya yi ta ja har tafinsa ya saɓule, da ya ga ba zai iya ba ya sheƙa neman guduma. Kafin ya dawo rufin ya rufta.

"Na ga fuskarsa, Baba," in ji shi. "Yana kallona, ni ma ina kallonsa."

Dalhatu ya ji maganar, amma ba ta shige shi ba. Ya sha ganin ɓarawo yana kuka. Ya gaya wa Sufeto cewa ƙunar hannun nan ta fetur ce, kuma ga sawun gudu, ga tsohuwar gaba. Sufeto Modupe ta sa aka kwance tsumman, ta daɗe tana kallon tafin hannun. Ƙunar a jere take, layi-layi, daidai kaurin rodi. Duk da haka ta tafi da Chukwuka ofis, domin samarin da suka cika ƙofar sun riga sun fara tsintar duwatsu.

Tafiya da shi ba ta hana komai ba. Da magariba aka fasa shagon Chukwuka, aka yayyaga katifunsa a titi. Matarsa ta kwashi 'ya'ya ta gudu gidan 'yar uwarta ba ko takalmi. Washegari ma'aikacin asibitin da ya wanke masa hannu ya tabbatar ƙunar ƙarfe mai zafi ce, kuma wata mai tuyar ƙosai ta ce ta ga fitowarsa a guje bayan hayaƙi ya riga ya tashi.

Dalhatu ya kwana da abin a ransa. Shi ya kai mutane ƙofar nan da ƙafarsa.

* * *

Dalhatu ya sami Gregory a bayan kanta a ofishin 'yan sanda, zaune a ƙasa, har yanzu da rigar cocinsa. Dattijo ne mai furfura a gemu, yatsunsa duk tabon zarto. Dalhatu ya tambaye shi abin da kowa ke tambaya: me ya sa mutum zai kulle yaro a shago ya tafi?

Gregory ya ba shi labarin a hankali. Ridwan yana aji huɗu a karatun likita sa'ad da ya fara zuwa shagon, wai yana son kallon yadda ake haɗa kujera ba ƙusa. Daga kallo ya koma riƙe katako, daga riƙewa ya koma yanka. Wata rana ya zo da safe ya ce ya bar makaranta, ba zai koma ba, domin duk ranar da ya shiga ɗakin marasa lafiya ji yake kamar an ɗaure masa dutse a ƙirji, a nan kuwa yana manta yunwa. Gregory ya ce ya yi masa faɗa, ya kore shi har sau da dama, yaron yana dawowa. Kuma gaskiya, a duk waɗanda ya koya wa aiki bai taɓa ganin hannu irin nasa ba.

A gida ba a sani ba sai kwanan baya. Da aka sani, ƙanin mahaifinsa, Alhaji Ismail, ya zo shagon ya yi ta zage-zage, ya ce in Gregory bai rabu da ɗansu ba zai ga abin da zai biyo baya. Daga nan Ridwan ya daina kwana a Samaru. Shi ya roƙa a riƙa kulle shi ta waje ranar Lahadi, don in an aiko daga gida a ga kwaɗo a koma.

"Na ce ai ibadar safe ce kawai," in ji Gregory. "Me zai faru kafin in dawo?"

* * *

A Samaru an kafa rumfa a ƙofar gidan, ana karɓar gaisuwa. Gida ne mai tsabta a wani layi bayan kasuwa, da bishiyar mangwaro a tsakar gida. Dalhatu ya yi ta'aziyya ya zauna, sannan ya ja Alhaji Ismail gefe.

Alhaji Ismail bai musanta barazanar ba, ya ma ƙara da cewa da ya san haka za ta kasance da ya aikata fiye da faɗa. Amma ranar Lahadi da safe yana Giwa wurin ɗaurin aure, shi ne ma waliyyin ango, kuma rabin mutanen da ke zaune a rumfar tare suka je. Dalhatu ya dubi ƙafarsa bisa al'ada, bai ga abin da zai riƙe ba.

Yayar mamacin, Naila, malamar makarantar sakandare, ita ta fito zaure ta amsa sauran tambayoyin. Ta ce mahaifinsu ya rasu suna ƙanana, mahaifiyarsu Hajiya Zubaidatu ta rene su da aikin nas. Ta yi shekara da shekaru a asibiti tana ganin yaran da ta girme su nesa suna zuwa da farar riga, ita ke nuna musu inda jijiya take, su ke ba ta umarni. Tun Ridwan yana rarrafe take kiransa Dakta, har unguwa ta ɗauka, ita ma sunanta ya ɓace, sai dai Maman Dakta. Ranar da ta ji ya bar karatu ba ta yi faɗa ba. Ɗaki ta shiga ta rufe, ta daina zuwa suna da biki, don kada a tambaye ta yaushe Dakta zai gama.

"Tun da aka kawo labarin rasuwar ba ta yi kuka ba," in ji Naila. "Ko ruwa sai an matsa mata."

Dalhatu ya gai da Hajiya Zubaidatu daga bakin ƙofar falo. Tana zaune a ƙasa cikin mata, ta miƙe ƙafafu, fuskarta ga bango. Ta amsa da kai. Tausayinta ya kama shi, ya yi addu'a ya fito.

* * *

Garin ya ci gaba da zama a kan ƙaya. An ƙara motocin sintiri a Sabon Gari. Gregory yana tsare, Chukwuka ma yana tsare duk da shaidar da ta wanke shi, wannan ɓangare yana cewa a sake su, wancan yana cewa a hukunta su.

Da yammacin Talata Dalhatu da Sufeto suka koma kangon shagon. Hadari yana haɗuwa ta gabas. Dalhatu ya ce shi ya gama, sawun gudu guda ɗaya ne a lungun kuma an ga mai shi, wataƙila mai laifin ta gaba ya bi, masu kashe wuta suka tattake sawunsa.

Sufeto Modupe ta jingina da bango tana kallon sama. Ta ce tun ranar farko akwai abin da ke damunta, amma ta ga aikin ba nata ba ne shi ya sa ta yi shiru.

"Baba Dalhatu, wa ya ce sai ya yi gudu?"

Ya ce haka mai laifi yake.

"Mai laifin da ya san laifi yake yi," in ji ta. "Ni na sha kama mutanen da suka yi ɓarna suna ganin gyara suke yi. Irin waɗannan ba sa sauri. Wani ma tsayawa yake ya duba ko aikin ya yi kyau."

Maganar ta sosa masa rai, har ya buɗe baki zai ce shekarunsa a daji sun fi nata a duniya. Sai ya tuna shagon Chukwuka, ya haɗiye. Ya dubi kwanukan rufin da ke kwance a gindin taga. Ranar farko bai ɗaga su ba, domin ya riga ya sami abin da ya zo nema.

Suka kama kwanukan su biyu suka janye. Ƙasar da ke ƙarƙashi tana nan yadda take safiyar Lahadi, toka ta lulluɓe ta sama-sama. Dalhatu ya durƙusa ya hure tokar.

Ga takalmin Chukwuka nan, inda ya turje yana jan rodi. A ƙarƙashinsa kuma, wanda ya riga shi zuwa, ga ƙaramin silifan nan da sandar mai ƙafa huɗu. Mai sandar ba kallo ya zo ba. Ya iso har gindin taga, ya yi ɗage a kan yatsu kamar mai leƙe, ya daɗe a tsaye har ƙafarsa ta nutse. Daga nan ya matsa wajen garin katako. A wurin akwai tsinkayen ashana da suka karye ba su kama ba. Sannan sawun ya juya, taku gajere-gajere, diddige yana sauka daram, har da wurin da ya tsaya ya huta.

Kuma sandar tana da aibi. Ƙafafunta uku suna barin tambarin roba, ta huɗun robarta ta fita, bakin ƙarfen ke yanka ƙasa kamar zobe.

Sufeto ta ɗauki hotuna da wayarta. Ba su gama ba ruwa ya sauko, suna tsaye suna kallo ya wanke lungun tas.

Ko a lokacin Dalhatu tsoho yake nema, namiji. Da safe ya bi masu Keke mai ƙafa uku da ke tsayawa a bakin titin Muchia yana tambayar wanda ya ɗauko dattijo mai sandar asibiti ranar Lahadi. Duk suka ce ba su gani ba. Yana shirin tafiya wani daga cikinsu ya ce shi dai dattijo bai ɗauka ba, amma ya ɗauko wata Hajiya mai irin sandar tun daga Samaru, da 'yar jaka a hannu. Ta ce ya jira ta, ta shiga lungu, ta fito, ya mayar da ita. Mutuniyar kirki, in ji shi, a hanya har ta ji yana tari ta gaya masa maganin da zai saya.

Dalhatu ya hau mota zuwa Samaru yana roƙon Allah ya sa ya sake yin kuskure. Bai shiga rumfar ba. Ya tsaya a bakin zaure kamar mai gyara takalmi, ya dubi damshin ƙasar da ke tsakanin ƙofar falo da gindin mangwaro, inda mata ke alwala. Tambarin roba uku, da zobe guda.

* * *

Sufeto Modupe ta ce ba za a yi wannan a ofis ba, domin duk abin da ya fito daga ofis rabin gari zai ce an sayi 'yan sanda. Aka shirya zama a gidan mai unguwar Muchia, aka kira limamin layin da faston cocin Gregory su zama shaida. Aka kawo Gregory da Chukwuka. Aka aika Samaru cewa iyalan mamaci su zo su ji sakamakon bincike. Naila ta so ta bar mahaifiyarta a gida, amma Hajiya Zubaidatu da ta ji saƙon sai ta miƙa hannu a ba ta mayafi.

Kafin kowa ya iso, Dalhatu ya share tsakar gidan ya yayyafa ruwa. Duk wanda ya shigo sai da ya ratsa ta wurin kafin ya kai tabarma. Hajiya ce ta ƙarshe, Naila tana riƙe da gwiwar hannunta. Aka ba ta kujera saboda ƙafarta.

Dalhatu ya yi magana a tsaye, muryarsa ƙasa-ƙasa. Ya fara da Chukwuka. Ya ce mutumin nan shi kaɗai ne a duk layin ya sa hannunsa a wuta don ya ceci yaron, kuma shi Dalhatu ya saka masa da jawo masa masu jifa, don ya ga sawun gudu ya yanke hukunci. Ya nemi gafararsa a gaban kowa. Chukwuka bai ɗago ba. Dalhatu ya ci gaba, ya ce Alhaji Ismail ya yi barazana amma yana Giwa. Ya ce Gregory ya sa kwaɗo, kuma zai rayu da wannan, amma yana coci sa'ad da aka kyasta ashana.

Alhaji Ismail ya ce to in duk an wanke su, wa ya kashe musu ɗa, aljani?

Sufeto ta miƙa wa liman wayarta, liman ya duba ya miƙa wa fasto. Dalhatu ya roƙe su su taso su dubi ƙasar tsakar gidan. Suka taso, suka bi tambarin da ido tun daga bakin ƙofa, uku da zobe, uku da zobe, har inda ya ƙare a gindin kujera. Liman ya yi salati a hankali. Naila ta dubi ƙasa, ta dubi sandar, ta saki hannun mahaifiyarta.

Alhaji Ismail ya fara cewa wannan cin mutunci ne, Hajiya ta ɗaga masa hannu.

"Bari, Alhaji. Na gaji."

Ta yi bayanin kamar mai ba da rahoton marar lafiya a ƙarshen aiki. Ta ce ta yi tunanin shagon ne ya ɗauke mata ɗa, in babu shagon zai dawo hankalinsa, shekara ɗaya ce ta ɓace, ana iya roƙo a mayar da shi. Ta zaɓi Lahadi don ta san ba kowa. Fetur ɗin na injin wutar gidanta ne. Ba ta yi niyyar taɓa ko ɗan yatsan wani ba, ita da ta ƙare rayuwarta tana ɗaure ciwo.

"Na ga kwaɗo a ƙofa," in ji ta. "Duk da haka ban yarda ba, na zagaya na leƙa ta taga. Ciki da duhu. Na kira shi, na sake kira. Ba a amsa ba."

Naila ce ta yi magana, da wata murya da ba ta yi kama da tata ba.

"Mama, da wane suna kika kira shi?"

Hajiya ta juyo ta dube ta kamar ba ta gane tambayar ba. "Dakta mana."

Naila ta zame ta zauna a ƙasa. Ta ce ranar da Ridwan ya kwashe kayansa daga gida, a zaure ya gaya mata cewa ya gaji da amsa sunan wani mutum da ba a haifa ba. Ya rantse ba zai ƙara amsa shi ba, ko daga bakin wa ya fito. Amma ya ce duk ranar da Mama ta kira shi Ridwan, ko yana ina zai taso.

Hajiya Zubaidatu ta buɗe baki. Dalhatu ya ga leɓɓanta suna haɗa sunan, amma sauti bai fito ba. Sannan kukan da ta riƙe tun Lahadi ya ƙwace mata, irin kukan da ya sa mazan da ke wurin suka juya fuska ga bango.

* * *

Liman da fasto suka fita tare suka gaya wa mutanen da suka taru a waje. Ba a yi murna ba, ba a kuma yi jifa ba. Wasu suka watse suna gunaguni, domin gaskiyar ba ta yi wa kowane ɓangare amfani ba, har akwai waɗanda suka tafi suna cewa an dai rufe magana. Wani ya kama hannun Dalhatu yana yi masa barka, wai ya ceci gari, aikinsa ya yi kyau. Dalhatu ya zare hannunsa. Chukwuka ya wuce ta gabansa bai dube shi ba, ya tafi neman matarsa da 'ya'yansa.

Sufeto ta sa aka kawo mota har ƙofar gida don kada a ratsa da Hajiya cikin jama'a. Sa'ad da ake taimaka mata ta shiga, Gregory ya matso kusa da Dalhatu ya ce akwai abin da bai faɗa a ciki ba, ya rasa ko ya dace. Ba don ɓuya kaɗai Ridwan ke zama ranar Lahadi ba. Aiki yake yi na kansa, wanda ba ya so a gani sai ya gama. Kujerar salla ce yake yi wa mahaifiyarsa, mai tsayi daidai gwiwarta, da wurin dafawa in za ta tashi, don ya ga tana wahala a kan ta roba. Ya ce in ta zauna a kai ta ji daɗinta, wataƙila ta yarda cewa wannan ma aiki ne. Saura shafa mai kawai.

"In gaya mata, Baba?"

Dalhatu ya dubi motar. Duk rayuwarsa aikinsa shi ne ya nuna wa mutane abin da ba su gani ba.

"Kada ka gaya mata."

Naila ce, tana tsaye a bayansu, ta ji komai. Idanunta sun bushe. Ta tambayi Gregory ko in ya sami wurin aiki zai iya yin wata irinta, domin inda za a kai Mama ba ta jin akwai abin zama. Gregory ya ce zai gwada, amma shi bai san tsayin ba, yaron bai rubuta awon a ko'ina ba, a kansa yake.

"Zan auno maka," in ji Naila.

Ta gyara mayafinta, ta buɗe ƙofar motar, ta shiga ta zauna kusa da mahaifiyarta.